Korar Barewa Daga Harami

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, a wani ɗaki da ke manne da dutse, tun kafin a rushe rabin unguwar. Ban san wata ƙasa ba sai Makka, amma a takarda babu ni, don ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Babana mutumin ƙasar Gumel ne, maharbi ɗan maharbi. Ya biyo ta Chadi da Sudan shi da Innata suka yi aikin Hajji, suka ƙi komawa. Tun da ya taka Harami, wato Makka da kewayenta mai alfarma, bai sake ɗaga hannu a kan ko ƙadangare ba. Sai dai idon maharbi ba ya tsufa. In mun fita kiwon awakin wani Balarabe a duwatsu, yakan nuna mini ƙasa da sanda ya ce wannan sawun zomo ne, wannan na dila, wannan kuwa barewa ce mai ciki. Na koya tas, ya rasu yana ganin wasa kawai ya koya mini.

Inna waina da kunu take sayarwa a wani lungu na unguwar Mansur. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma kowa a unguwa ya san shi: ta mutu a Makka, a yi mata salla a Masallacin Harami, a rufe ta a ƙasar da aka rufe mijinta. Saboda wannan buri ba ta zuwa asibiti, ba ta faɗa da maƙwabta, ko an cuce ta sai ta haɗiye, don kada sunanta ya kai kunnen hukuma. Tun tana da jajayen sawu take wannan lallaɓawa har furfura ta rufe mata kai. Ni ne na rushe mata shi, kuma abin da zan ba ku labari ke nan, ku samarin da ke zaune bakin shaguna kuna jiran mai mota ya tsaya ya yafuto ku.

Da zomo na fara. Na samu aikin kwashe shara a Muzdalifa bayan Hajji. Wanda ya san wurin da cunkoson motoci ba zai gane shi ba in alhazai sun watse: fili ne fetal, sai iska da robobin ruwa, sai zomaye da makwarwa da ke saukowa daga duwatsu. Ko yaron goye a Makka ya san ba a farauta a Harami. Amma a hanyar Arfa akwai alamomin iyaka, nan Harami, can ba Harami ba. Wata rana shaiɗan ya karanta mini darasi, ni kuma na haddace. Na lallaɓa bayan wani zomo da ke kiwo daf da iyaka, na yi ta jefa tsakuwa a bayansa har ya tsallaka, sannan na sa masa dutse. Abokan aikina suka yi ta dariya, suka ci, suka sa mini suna Malam Mai Dabara. Sunan ya yi mini daɗi, shi ne abin haushin.

Labari ya kai kunnen wani mai kuɗi da motocinsa ke kwasar sharar, ana ce masa Abu Nayif. Ya sa aka kira ni, ya sauke gilashin mota ya dube ni sama da ƙasa.

"Ya walad, kai yaro, an ce kana karanta ƙasa kamar jarida. Ka san inda barewa take?"

Na ce na sani, amma a cikin Harami suke.

"Astagfirullah, ni mai tsoron Allah ne, ba na harbi a Harami. Kai dai ka fito mini da ita waje. Ka yi mini wannan, iƙamarka da ta mahaifiyarka a wuyana."

Ba kuɗi ya saye ni ba, wannan kalma ce. Na hango Inna tana shiga asibiti da ƙafarta ba tare da waige-waige ba. Na ce masa halas, an gama.

A kudancin gari akwai kwazazzabai da ba kowa, inda Harami ya miƙe cikin duwatsu. Can 'yan barewar da suka rage suka tattaru, suna shan ruwa a wani kwarmin dutse. A waje an ƙarar da 'yan uwansu, su kuma kamar sun san inda aka yi musu aminci, ko mutum suka gani ba sa wani gudu. Aikina shi ne in zagaya ta bayansu da hantsi, in riƙa tafa hannu a hankali, in toshe musu hanyar dutse, in bi da su ta wata 'yar kafa har su wuce alamar iyaka. Shi kuwa Abu Nayif yana can zaune a inuwar mota da bindiga da butar shayi da abokansa. Da sun tsallaka sai ka ji ya ɗaga murya ya yi bisimilla, wai don kowa ya shaida halal ya harba. Ni zan yanka, ni zan saɓo a kafaɗa, ni zan feɗe. Su ci a gidan shaƙatawarsa da shinkafa, a miƙo mini ƙashi a bakin ƙofa.

Haka muka yi ta yi duk lokacin sanyi, shekara ta zagayo muka sake. Wani lokaci mu hau duwatsun hanyar Ɗa'ifa neman akuyar dutse, wadda ita ma doka ta hana taɓawa. Duk sanda na yi maganar iƙama sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bukra, in sha Allah." Gobe, gobe. Wallahi har yau in na tuna hannun nan a kafaɗata sai in ji zuciyata tana tafasa. Mutum ya ɗauki Allah kamar ɗan sandan kan hanya da za a zagaye, ya sa ni na zama ƙafarsa ta zagaye, ni kuma da hankalina na yarda.

Ranar ƙarshe na ga sawu biyu, babba da ƙarami. Na san uwa ce da 'yarta, ko makaho aka koya wa abin da Baba ya koya mini zai sani. Duk da haka na kora. Aka harbe uwar, 'yar ta tsaya a gefenta ta ƙi gudu. Abu Nayif ya ji daɗi, ya ce zai sa ta a lambunsa yara su riƙa kallo, amma in riƙe masa ita a gida kafin a gyara keji. Wani abokinsa yana ta ɗaukar mu a waya, ban kula ba.

Na shiga da ita gida a cikin buhu. Inna na tankaɗe, ta ɗago ta dube ni.

"Wannan fa daga ina?"

Na ce a kasuwar dabbobi na saya wa maigidana.

Ta miƙa hannu, 'yar barewar ta matso tana lasar yatsunta. Sai Inna ta ce:

"Ƙarya kake. Wadda aka kawo kasuwa ta san mutum, tana rawar jiki. Wannan ba a taɓa tsorata ta ba, 'yar Harami ce. Ina uwarta?"

Na fara yi mata bayanin dabarata, cewa ni ban harba ba, kuma a wajen iyaka aka kashe. Ta katse ni.

"Rufe mini baki. Ko firgita su an hana, kai ma ka sani. Ubanka da ya fi ka iya farauta ya mutu bai taɓa su ba. Ka mayar da ita inda ka ɗauko yau ɗin nan."

Na ce gobe. Nima na koyi goben.

Kafin goben ta zo, abokin nan ya ɗora hoton a intanet yana alfahari. Fuskokinsu ba su fito ba, sai tawa, baƙa ƙirin a tsakiyar hoto, da gawar barewa a wuya da alamar iyaka a bayana. Jami'an kare muhalli ba su sha wahalar nemana ba. Suka hau Nakkasa da rana tsaka, suka tarar da Inna tana ba 'yar barewar madara a kwalba. Suka ce ta kawo takardunta.

Aka tafi da ni ofis, na faɗi wanda ya sa ni, aka kawo Abu Nayif, yana ƙamshin turare. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce wani ɗan Afirka ne ya tare su a daji ya ce zai nuna musu hanya. Ya biya tara, ya shiga motarsa ya tafi sallar la'asar. Ni aka yanke mini ɗauri. Ban ce an zalunce ni ba, abin da na shuka ne. Amma Inna me ta yi? Aka kai ta tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ɗauki hoton yatsunta, aka sa ta a jirgi zuwa Kano ita kaɗai da 'yar ledar kayanta. Ina kurkuku wani da aka kamo daga unguwarmu ya gaya mini. Na yi ta buga kaina a bango har sai da aka riƙe ni.

Da na gama wa'adina aka bi da ni hanya ɗaya, da hatimin ba dawowa. Na same ta a wani ƙauye kusa da Gumel, a ɗakin 'yar ƙanwarta, cikin dangin da rabinsu ba su taɓa jin sunanta ba. Ta rame, ta daina ganin kirki. Matar da ta yi rayuwarta tana jin kiran sallar Harami daga kan dutse, yanzu duk lokacin salla sai ta tambayi yara ina ne gabas. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

"Na yafe maka, don kada Allah ya kama ka da hakkina," in ji ta. "Amma kada ka ce in daina jin haushinka. Wannan ba zan iya ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake yi mini dariya ba har ta rasu a farkon damina.

Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Yanzu dako nake yi a kasuwa, ko ɓera ba na jefa wa dutse. Amma fushina bai tafi ba, kuma ba na so ya tafi, don shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Samari, duk wanda ya ce muku shi mai tsoron Allah ne, ba zai taɓa abu da hannunsa ba, ku taɓa masa, ku guje shi kamar wuta. Ranar da asiri ya tonu yana da takarda, yana da dangi, yana da mota, ku kuwa fuskarku kawai gare ku. Kada ku yi wa doka dabara, kada ku yi wa Allah dabara, kuma kada ku shiga da abin haram gidan da tsohuwa ke ɓoye da ranta. Ba ku kaɗai za ku biya ba.

Innata ta so dubban mutane su tsaya a kanta a gaban Ka'aba. Ranar da muka yi mata salla a bayan gari, ana yayyafi, mutane duk sun tafi gona. Na waiga na duba, sahu ɗaya ma bai cika ba.