Injin Harsashin Kawu a Shagon Usɗa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, maharbi ne. Ya zo Alƙahira aikin ido a shekarata ta uku ina karatu a can, ya sauka a ɗakina a Ainu Shams. Yanar ido ce ta rufe masa na dama, wanda yake saiti da shi.

Tun ina ƙarami na san shi da ɗura harsashinsa da hannunsa, don bai yarda da na kanti ba. Yakan shimfiɗa buzu a zaure, ya jera kwansayen takarda da ya riga ya harba, ya auna baƙin albarushi da ɗan ludayin ƙaho, ya danna toshi, ya zuba ƙwayoyin dalma, ya rufe da guntun kwali. Aikin ƙarshe shi muke jira mu gani. Yana da wani ɗan inji na tagulla mai mariƙin katako, wanda ya gada daga ubangidansa na farauta. Sai ya ɗaure shi a gefen benci, ya sa kwanson, ya murza mariƙin a hankali, bakin takardar ya naɗe ciki sumul kamar an yi wa riga kalmasa.

Aikin ido ya yi kyau. Muna jiran ranar komawa wurin likita, sai wata safiya Kawu ya buɗe akwatinsa, ya zaro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin kilishin da ya kawo mini. Injin ne.

"Kansa ya cinye," in ji shi. "Yanzu tauna takarda yake yi, ba naɗewa ba. An ce mini a Masar babu ƙarfen da ba sa fiƙewa. Ka kai ni wurin masu aikin."

A waɗancan shekarun gari yana tafasa. Kusan kowace Juma'a akwai inda ake artabu, kuma kalmar hartush, wato harsashin dalma, tana bakin kowa. Na sha ganin samari da bandeji a ido a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Amma a kaina hartush ɗin Masar abu ne daban, harsashin zabin dajin Kawu kuma daban. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Murna ma na yi, ga damar da zan nuna masa ɗan 'yar'uwarsa ya san gari.

Bayan azahar muka bi ta bayan kasuwar kayan miya zuwa wani lungu da ake aikin ƙarfe. Mai shagon da muka shiga, wanda kowa ke ce wa Usɗa, wato gwanin sana'a, kakkauran mutum ne, hannunsa duk baƙin mai. A bakin ƙofa wani magidanci yana zaune a kujerar roba da baƙin tabarau, yana jan carbi. Shi ya fara amsa sallamarmu, ya laluba ya turo wa Kawu wata kujerar.

Usɗa ya karɓi injin ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa tagullar da farce.

"Tsohon aiki ne, mai kyau," ya ce. "Na mene ne? Niƙa kofi?"

Na fassara wa Kawu, ya kyalkyale da dariya. Ya tsinci wani kwalin shayi a ƙasa, ya nannaɗe shi a yatsa, ya cusa a bakin injin yana nuna yadda ake murzawa. Daga nan labari ya ɓalle masa.

"Faɗa masa, ɗana, in bakin ya naɗu daidai, dalma tare take fita, ta baje kamar an watsa gero. Garken zabi in sun taru a bakin tabki, wanda zai tashi kaɗan ne."

Na faɗa masa, har da ƙari. Larabcin kasuwa na yi, ba na littafi ba, ina kaɗa hannu ina nuna yadda dalma ke bajewa. Da na zo kan sunan abin, da ƙarfi na ce hartush, ina murmushi.

Usɗa ya miƙa hannu ya kashe injinsa da ke gurnani a bayansa. Ya ajiye na Kawu a kan teburi, ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya wajen mutumin da ke bakin ƙofa ya ce, "Cire tabarau su gani."

Mutumin bai so ba, amma ya cire. Ido ɗaya ya lotsa ciki, ɗayan ya yi fari fat. Goshinsa da kumatunsa duk ɗigo-ɗigon baƙi ne a ƙarƙashin fata.

"Yayana ne," in ji Usɗa. "Shi ya koya mini aikin nan. Ƙofar shagon nan yake ja zai rufe, rigima ta biyo ta lungun. Har yau ba mu san wanda ya harba ba. Faɗa wa Alhaji."

Kawu kuwa bai jira fassara ba. Ya tashi ya matsa kusa, ya ɗaga nasa tabaran na asibiti, ya duba fuskar mutumin da sabon idonsa. Ya ce mini in nema masa izini, sannan ya sa babban yatsa ya taɓa kumatun a hankali.

"Dalmar tsuntsu ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mutum aka harba da wannan? A fuska?"

"E, Kawu."

"Shi kaɗai?"

"A'a. Suna da yawa."

"Kuma ka san ana haka a garin nan?"

"Na sani, Kawu."

"Ka sani, ka kawo ni."

Ya mayar da tabaransa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Maƙwabtan shagon sun taru a bakin ƙofa, suna ta kallonmu. Na rasa inda zan ajiye idona.

Usɗa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ban ce Alhaji mugu ba ne, na ga alama maharbin tsuntsu ne. Amma ba a shagon nan ba, kuma kada ku gwada wani a lungun nan. Kai kuma baƙo ne, ka daina faɗin kalmar nan da ƙarfi a titi."

Na naɗe injin a tsummansa. Za mu fita yayan ya ce wallahi ba za mu tafi ba sai mun sha shayi. Muka koma muka zauna. Ban taɓa shan shayin da ya ƙi wucewa irin wannan ba. Muna cikin sha ya juyo da fuskarsa inda yake jin motsina.

"Me ya kawo Alhaji Masar?"

Na so in ce ziyara. Na ce, "Aikin ido."

"An dace?"

"Alhamdu lillahi, yana gani."

Ya ɗaga hannu biyu ya yi wa Kawu barka, ya ce Allah ya ƙara masa haske, kuma har cikin ransa ya faɗa. Kawu ya tambaye ni me ya ce. Da na gaya masa, ya ajiye kofin, ya kama hannun mutumin da hannayensa biyu, ya yi ta yi masa addu'a da Hausa. Wannan ban fassara ba, ba wanda ya nema.

A hanyar komawa na tsayar da tuktuk, wato keke mai ƙafa uku, Kawu ya ƙi shiga. Da ƙafa muka taka har gida, yana gaba ina baya, a unguwar da bai sani ba. Har ya koma garinmu bai sake ɗaga maganar ba, sai dai ya daina ba abokan ɗakina labarin farauta bayan cin abinci. Daga baya mahaifiyata ta ce ya ci gaba da shiga daji, wani maƙeri a garinmu ya gyara masa injin iya yadda ya iya.

Ni kuwa na daina bi ta lungun har na gama karatu, ko da zagaye zai ɓata mini lokaci. Sau ɗaya na sake ganin yayan Usɗa. Wata Juma'a na makara zuwa masallaci, na shiga sahun waje a kan tabarma, sai da aka yi sallama na ga shi ne a damana. Ya miƙo hannu kamar yadda ake yi, ya ce Allah ya karɓa. Na riƙe hannun, na motsa leɓena ban fitar da sauti ba, don kada ya gane muryata.