Fiton Mota a Hanyar Haɗeja

Da ƙarar haƙora a bakin kofi abin ya fara. Ina tsugune ina hura wuta da safe, na miƙa wa 'yata ruwa a kofin silba, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, haƙoranta na bugun bakin kofin. Shekararta huɗu a lokacin. Ta kwana da zazzaɓi, na ba ta ƙwaya da jiƙon darbejiya, na ɗauka ya sauka. Kafin in karɓi kofin idanunta sun juye, jikinta ya sandare.

Muna zaune ne a wani ƙauye bayan Kirikasamma, a shekarun farko na jihar Jigawa. Damina ta yi tsakiya, ruwa ya cika fadama. Mai shagon magani ya duba ta, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai asibitin Haɗeja. Mota ɗaya ce a garin ranar, a-kori-kurar maigidana mai shan gas, wadda yake kai kifi da shinkafa kasuwa da ita.

Ba a daɗe ba da ya kai ta Kano aka ɗaura mata turbo, wani ƙarfe mai kamar dodon koɗi da ke cusa wa inji iska don ta riƙa fita daga taɓo da kaya. Bakaniken ya ja masa kunne: in ya ji ta canja murya ya tsaya, domin in farfelar ciki ta karye, inji zai haɗiye gutsattsarin ya mutu murus. Malam, maigidan nawa, ya riƙe maganar nan kamar karatu.

Na rungume yarinyar a gaba, na jiƙa gefen mayafina ina goga mata. Mun wuce gonakin shinkafa, ruwa dama da hagu, sai hanya siririya a tsakiya. A wani hawa ya taka totur, sai muka ji fito, siriri mai tsawo kamar kukan shirwa. Motar ta rage ƙarfi, baƙin hayaƙi ya biyo mu. Ya sake takawa, fiton ya ƙaru. Ya gangara gefe ya kashe.

Ban taɓa ɗaga wa mijina murya ba sai ranar. Na ce ya tafi ko da motar za ta kama da wuta. Ya ce in injin ya mutu a nan, babu wata mota da za ta biyo hanyar sai ranar kasuwa, kuma ba zai iya kai yarinyar Haɗeja a kafaɗa ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ɗaci.

Ya buɗe bonet ya tsaya yana kallo. Ya zaro sandar mai, ya goge, ya mayar. Ya taɓa bel. Ni kuwa ina jin numfashin yarinyar yana fita a guntu-guntu, ina karanta duk abin da ya zo bakina, in fara wata sura in tsinci kaina a cikin wata. Babu kowa a wajen sai balbelu a bayan shanu can nesa.

Na kwantar da ita a kujera na fito. Na ce masa ni ban ji ƙarfe na cin ƙarfe ba, abin da na ji iska ce ke neman hanya, kuma ba ta fita sai ya taka.

"Ke kin san muryar inji ne?" ya ce, bai ko dube ni ba.

"Malam, ban sani ba. Ka tayar, ka taka, ni zan nema."

Idan za mu sheƙe shinkafa sai iska ta ɓuya, mukan jiƙa hannu mu ɗaga sama don mu ji ta ina take zuwa. Na tsoma hannu a ruwan gefen hanya. Ya shiga ya tayar, ya riƙa takawa yana saki, yana mini kashedi da fanka. Na riƙa bin tiyon nan mai kauri da tafin hannuna ba tare da na taɓa ba. A inda ya haɗu da bakin turbo na ji wata iska mai zafi, siririya, tana soka tafina. Na matsa don in tabbatar, gefen hannuna ya sauka a kan ƙarfen. Sai daga baya na ji zafin.

Ya fito ya duba, ya yi salati. Ashe kwanakin baya, da ya cire tiyon yana wanke taɓo, kilif ɗin ƙarfe da ke matse bakin tiyon ya faɗa cikin laka ya ɓata. Sai ya yanko robar tayar keke ya ɗaure, kamar yadda kowa a fadama ke ɗaure tiyon injin ban-ruwa. Can ruwan sanyi ne ke bi, nan kuwa wuta ce. Robar ta narke ta saki.

Ya cire mariƙin bokitin da ke bayan mota, ya miƙar da wayar, ya naɗe ta sau biyu ya murɗe da filaya. Fiton bai tafi duka ba, amma motar ta ja. Haka muka tafi har Haɗeja. Kunnena ɗaya na kan injin, ɗaya na kan ƙirjinta, kuma sau da yawa na rasa na biyun.

Wata nas 'yar Filato ce ta karɓe ta daga hannuna, ta ce mun yi jinkiri amma a yi addu'a. Suka yi ta neman jijiya a hannu, suka koma ƙafa. Na yi azahar da la'asar a gefen gadon, ruwan yana ɗiga, ita ko motsi. Malam na zaune a baranda ya haɗa kai da gwiwa. Na roƙi Allah da kalmomin da ban taɓa jin kowa ya roƙe Shi da su ba.

Rana ta yi sanyi na ji an taɓa ni. Idanunta a buɗe, suna kan hannuna inda fata ta tashi ta yi ruwa. Ta daɗe tana kallo, leɓenta a bushe.

"Umma, wa ya ƙona ki? Kawo in hura miki."