Firizar da Ta Cinye Injin Jirginmu

Har yau in na ji ana cewa wuta daga Kainji take zuwa, sai raina ya sosu. Ruwan da ya cinye garinmu na asali, da gonakin albasa da kaburburan iyayenmu, shi ke juya injinan. Mu kuwa da aka kwaso aka zube a sabon ƙauye kusa da Warra, da aci-balbal muka yi ta zama. Manyan wayoyi na wucewa ta saman gonakinmu suna gunji, sun nufi wani gari.

Lokacin muna Jihar Sakkwato. Maigidana masunci ne, yana da jirgi mai inji, ni kuma banda nake yi: ya kamo, in gasa a murhuna, in kai kasuwar Yauri. Tunda kogi ya zama tafki kifin kirki ya koma tsakiya, ba ka kai masa sai da inji, inji kuwa sai da fetur. Ba mu da gidan mai. 'Yan bumburutu ke kawo shi a jarka daga Yelwa, kowane hannu ya taɓa sai ya ɗora nasa, wani ma ya tsarma masa kananzir.

Ƙanen maigidan yana aiki a masaƙa a Kaduna. Da ya zo ya ji yadda muke sayen mai, sai ya riƙe baki. Wai su can mai ba abin magana ba ne, wuta kuma har da rana a kunne ake barin ta. Shi ya fara kawo zancen firiza.

"Yaya, a can ɗanyen kifi ake rububi. Ka samu firiza ka huta da hayaƙin nan."

Hayaƙin nan! Hayaƙin da ya biya masa makaranta. Na haɗiye, don baƙo ne.

Ba a jima ba sai ga mota ta sauke turakun lantarki a bakin hanyarmu, aka kakkafa su har ƙofar masallaci. Ranar maigidana bai taɓa tuwo ba don murna. Ya zaunar da ni ya ce zai sayar da inji ya sayi firiza. Fetur ya ishe shi. Zai riƙa sayen kifin 'yan'uwa yana ajiyewa, fatake su zo har gida.

Na ce, "Malam, turaku ka gani, ba wuta ba. Ka bari a ja waya mana."

Ya ce, "Ke mi kika sani? Ruwanga namu na. Wa za a ba wuta kafin mu? Ai mu ko kuɗi bai kamata a karɓa ba."

Ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba, duk ƙauyen haka suka ɗauka. Masunci ya san duk abin da ruwa ya bayar, na bakin gaɓa ke fara ɗiba. Sun zaci wuta ma haka take.

Ya sayar. Aka kawo firizar fara fat, sai ka ce akwatin amarya. Ɗakunan da aka gina mana ƙanana ne, don haka ya rushe murhun bandata ya yi mata rumfa a wurin. Wallahi ranar na yi masifa har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga.

Damina ta zo ta wuce. Wata ta sake zuwa. Turakun nan mutane suka mai da su wurin ɗaure awaki. Kullum da safe sai ya goge firizar da tsumma, sannan ya ɗauki filafili ya shiga ruwa, ya dawo da 'yan ƙananan karfasa da ko kyanwa sai ta yi shawara. Na ga kafaɗunsa sun zube. Na kwaɓa laka na sake gina murhu a bayan gida.

Ƙarshe ya haƙura. Muka ɗora firizar a jirgin wani, muka biya masa mai, muka kai ta Yelwa wurin wani dillalin kifi da ke da wuta a shago. Burin maigidana ya sayar da ita ya sake sayen inji. Dillalin ya ce ba ya sayen abin da bai gwada ba, ya jona ta. Nan take ta kama ƙugi. Muka zauna a benci muna jira. Can ya buɗe, wani farin tururi ya taso.

Maigidana ya tashi ya cusa hannu ciki, ya daɗe bai fitar ba.

"Ashe tana yi," ya ce. "Zo ki taɓa ki ji."

Na ƙi. Baƙin ciki ya hana ni motsi. A gabanmu dillalin ya fara jera giwan ruwa a cikinta, irin kifin tsakiyar tafki da muka daina kamawa.

Abin da aka ba shi bai kai ko kusa da inji ba, don komai ya tashi. Bai sake mallakar inji ba har ya koma ga Allah. A hanyar komawa gida ranar, ina kallon sa a gaban jirgi, ya tura hannun nan cikin riga ya danne a ƙirji, kamar kada sanyin ya gudu kafin mu isa.