Yaya, Gyaran Minti Ashirin Ne

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, goma sha bakwai ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayana bayan jinyar kwana shida. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa da 'ya'ya huɗu, da ni ƙanwarsa, wadda rabon da mu zauna mu yi hirar arziki shekara goma sha ɗaya ke nan.

Yaya, mutane sun yabe ka, kuma ba su yi ƙarya ba. Shekara ashirin da biyu kana shugaban makaranta, tsofaffin ɗalibanka sun cika gidan har bakin titi. Wani ya ce da ya karye a filin ƙwallo, a bayanka ka goya shi zuwa asibiti. Ni ma ina da nawa. Ranar da kawu ya ce gyaran kwamfuta ba aikin mace ba ne, kai ka miƙe ka ce a bar yarinya ta koyi abin da take so. Da na tashi haɗa kwamfutata ta farko da hannuna, kai ka ɗauko mini akwatinta a bayan babur, ruwa ya tare ka a hanya, ka cire rigarka ka rufe shi, ka iso gida kana kyarma. Duk mako kai kake yanke wa Inna farce, ba ka taɓa bar wa kowa ba. Na shaida wannan duka. Amma na zauna rubutun nan ne da fushi, kuma ba zan ɓoye shi don ka mutu ba.

Waccan kwamfutar, a kan teburin cin abinci na haɗa ta, ɓangare ɓangare, wata biyar ina tara kayanta. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, na mayar da ita ɗakinsa. Kullum bayan ya sha magani sai in kunna, ya yi ta ba da labari ina ɗaukar muryarsa: yadda ya koyi ɗinki, yadda ya fara ganin Inna, sunayen kakanninmu. Awa tara da 'yan mintuna. Babu wani wuri a duniya da muryar Baba ta rage sai cikinta. Laifina ne da ban kwafa ba, ina ta cewa gobe.

Bayan rasuwarsa ka ce duk abin da ke ɗakin Baba zai koma hannunka, kai ne babba. Na ce ban da kwamfuta. Ka ce har da ita. Ni kuma, a gaban abokanka malamai, na ce, "Me za ka yi da ita, kai da ko kunna ta ba ka iya ba?" Suka yi dariya. Na san na yi rashin kunya, na kuma ba ka haƙuri sau biyu. Ka ɗauke ta ka tafi.

A shekarun farko Inna ba ta tambaya ba, zuciyarta ba za ta iya ɗauka ba. Daga baya ta fara roƙo. "A kawo mini abin nan in ji muryar mahaifinku." Ka ce zai tayar mata da hankali. Ta sake roƙo, ka ce sai an samu lokaci. Na aiko kawu, na aiko maƙwabcinka, na zo da kaina na tsaya a ƙofar falonka kamar mai neman aiki, ka ce mini an rufe maganar. Uwar da ta haife ka ta nemi abu ɗaya a wurinka shekara takwas, ka hana ta. Na ɗauka mugunta ce. Wallahi da muguntar ce da ta fi mini sauƙi.

Makon da ya wuce matarka ta sa aka sauko da wani kwali daga saman kabad ɗin ɗakinka, aka kawo mini shagona na gyaran kwamfuta. Kwamfutar nan ce a ciki. Ban yi gigin sa mata wuta ba, don injin da ya daɗe a ajiye ba a afka masa haka. Na juya ta zan kwance, sai na ga kan sukurorin duk a cinye, fentin gefensu a kankare. Da wuƙar kicin aka buɗe ta. A ciki, zanzaro ya yi gini a jikin fanka, ƙura ta yi kauri kamar bargo, wayoyi biyu a zare suna lilo, ɗaya kuma an cusa ta da ƙarfi inda ba wurinta ba. Na san ba hannun mai gyara ba ne.

Na kira matarka. Ta ce, "Ya hana ni faɗa, amma yanzu babu amfanin ɓoyewa. Shekara biyun farko duk Asabar sai ya rufe ɗaki ya kunna ya saurari Baba. Wata rana ta ƙi nuna komai, sai ƙara take yi ƙit, ƙit, ƙit. Ya buɗe ta da wuƙa, ya wuni a kanta. Na ce ya kira ki, ya ce in na sake faɗa sai ranmu ya ɓaci. Na ce to ya kai wa wani mai gyaran, ya ce dukansu sun san ki, kafin ya dawo gida labari ya iso miki."

To ka ji abin da ya same ta, Yaya. Na cire faifan ajiyar da muryar Baba ke ciki na sa gefe don kada wuta ta taɓa shi. Na share ƙura da burushi, na fasa ginin zanzaro, na mayar da wayoyin da ka zare, na canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Ainihin ciwon kuwa, memori ce, 'yar fallen nan da ake sokawa a cikin injin, ta yi datti ta ɗan ɗago daga mazauninta. Na zare ta, na goge bakinta da abin goge fensir, irin wanda ke cike da aljihun teburinka na ofis, na danna ta ta zauna. Na sa wuta, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Na kashe, na mayar da faifan, na sake kunnawa. Komai yana nan. Na duba agogo, minti ashirin ne. Saboda kada ka ce wa ƙanwarka "na kasa," ka ɗora wa kanka sunan marar tausayi, ka hana Inna, ka hana ni, ka hana kanka.

Na ɗauke ta zuwa ɗakin Inna da rana tsaka. Da na gaya mata abin da na kawo, ta sa aka tashe ta zaune, ta gyara ɗankwalinta. Na kunna. Baba ya yi gyaran murya, ya ce a matso masa da filo, ya fara labarin keken ɗinkinsa na farko. Ni da matarka muka fashe da kuka. Inna tana kallon allon, hannuwanta a kan cinya. Can ta juyo ta ce, "An kunna?"

Shekara uku ke nan kunnenta yana tafiya, sai an ɗaga murya a gefenta take ji. Na ƙure sifika har maƙwabta suka leƙo. Na sa mata abin saurare a kunne. Ta rufe ido ta daɗe, sannan ta cire ta miƙo mini. Ta ce, "Ina jin kamar mutum yana magana, amma ban gane ko wane ne ba. Me yake cewa?" Haka na durƙusa a gefenta ina faɗa mata maganar mijinta da tawa muryar. Wannan kai ka yi shi, Yaya.

Inna ta ce in yafe maka. Ita ta yafe tun kafin a tambaye ta. Ni ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna, kuma ina roƙon Allah Ya kai ni.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka yi masa rahamar da ta fi fushina girma. Ka duba yaran da ya koyar da uwar da ya yi wa hidima, kada Ka kama shi da girman kansa, ni ma kada Ka kama ni da kaifin bakina. Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da Baba a gidan aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta riƙe wannan sirri shekara tara ba da son ranta ba, da 'ya'yansa, da ɗalibansa, da Inna. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani.