Isyaku Mai Faci da Tayar Alhaji Hambali

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Malam Isyaku mai faci a gidan hayarmu na Kwaciri, kuma bangon bai kai rufi ba. Shekara biyu muna maƙwabtaka ban taɓa jin matarsa Falmata ta ɗaga murya ba sai wata safiyar Laraba, cikin bazarar 1975.

"Ka ce tayar ce ba ta da kyau," in ji ta. "Kalma nawa ce wannan?"

"Tayar lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau ta fashe? Ƙanena ne fa, Malam, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya'yansa huɗu. In Alhaji ya karɓe makullin nan, kai za ka ciyar da su?"

"Rage murya, akwai mutane."

"Su ji. Mutumin Sabon Gari ya fi maka Mala, ko? Shi yana da shago, gobe ma zai sayar da wata. Mala me yake da shi in ba sitiyari ba?"

Na ji ya jawo takalmansa, na ji ƙyaure ya rufe a hankali.

Ga abin da ya faru. Mala, ƙanen Falmata, direban Alhaji Hambali Wali ne, wani babban ma'aikacin gwamnati mai gida a Fagge. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya ɗauko Alhaji da Hajiyarsa a Fijo za su Maiduguri. Kafin Potiskum tayar baya ta fashe, motar ta kwashe su ta yi daji, suri ne ya tare ta. Hajiya ta karye a hannu. Wata guda kafin nan Isyaku da kansa ya zaɓa wa motar sababbin tayoyi huɗu a shagon wani Nwabueze a Sabon Gari, shi ya ɗaura su. Don haka Alhaji ya aiko masa da gawar tayar, da saƙo: ya zo gida ran Laraba bayan la'asar ya faɗi laifin wane ne. In tayar ce, mai shago zai yi bayani a wurin 'yan sanda. In direba ne, ya ajiye makulli.

Ba a banza Alhaji ya zaɓe shi ba. Daga Tashar Jirgin Ƙasa har Titin Ibrahim Taiwo, in aka yi gardama a kan taya, cewa ake a kai wa Isyaku ya duba. Ɗan baduku ne, a rumfar ubansa ya koyi shafa danƙo da daidaita bakin fata. Ya yi shekara ashirin yana bin manyan motocin da ke kawo gyaɗa tasha, shi ne mai gyaran taya in ta yi ciwo a daji, har ranar da jak ya zame ya taɓa masa gwiwa. Daga nan ya kafa famfonsa da bahon ruwansa a gindin wata darbejiya a hanyar tasha, ya zauna.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, motoci suka cika Kano kamar an zazzage su daga buhu. Akawun da bara yake tura keke, bana sai ya tsaya gaban Isyaku da makulli a yatsa yana neman taya mai farin zobe, don ya gan ta a motar maigidansa. Isyaku ba ya gardama da kowa. Tambaya ɗaya yake yi: "Ina kake zuwa da ita?" In ka ce ofis da gida, ya nuna maka ɗaya. In ka ce ƙauye duk Juma'a, ya nuna wata. Ba ya yarda ya haɗa taya mai waya da mai zare a ƙafa ɗaya, ko za ka yi fushi ka tafi. Yakan ƙwanƙwasa taya da guntun ƙarfe ya kara kunne, ya tofa yawu a bakin bawul ya jira ya ga ko zai yi kumfa. Mai tafiya mai nisa kuwa, ba ya auna masa iska da rana. "Ka dawo da sassafe, kafin ta taka kwalta," haka yake cewa, bai taɓa faɗin dalili ba.

Da azahar na biya ta wurinsa a babur, don ya roƙe ni in goya shi da tayar zuwa gidan Alhaji. Na same shi ya cusa hannu cikinta har gwiwar hannu. Da ya zaro, tafinsa ya yi baƙi da garin roba kamar an daka gawayi. Mala na tsugune a gefe, hularsa a hannu.

"Babu ƙusa," in ji Isyaku, ba tare da ya dube shi ba. "Babu yanka. Duba gefen nan, ya ƙone zagaye guda. Tayar da ta yi gudu babu iska ce ke yin haka. Iska ashirin da takwas na sa muku da asuba. A ina ka tsaya?"

"Birnin Kudu. Alhaji ya yi azahar."

"Sai ka yi me?"

"Na taɓa su na ji kamar garwashi. Sun yi tauri." Mala ya juya hular. "Na sa tsinken ashana na rage musu, duka huɗun, don kada su fashe."

"Ka kashe su da hannunka."

"Yaya, kai ka koya mini."

Isyaku ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, hannun da ya riga ya goge.

"A hanyar Nguru, lokacin ina sabon shiga," in ji Mala. "Ka ce taya in ta ɗau zafi a bar ta ta yi numfashi. Har ashanar kai ka ba ni."

Wannan maganar gaskiya ce, kuma Isyaku ya san gaskiya ce. Abin da Mala bai sani ba shi ne shekara huɗu ke nan Isyaku ya daina yin haka. A 1971, da Nwabueze ya dawo Kano bayan yaƙi ya sake buɗe shagonsa, ya taɓa ganin Isyaku yana rage wa wata taya mai zafi iska. Bai yi magana a gaban mutane ba. Ya ja shi gefe, ya miƙa masa geji, wato ɗan ƙarfen auna iska mai kama da alƙalami, ya ce da Hausarsa ta haifaffen Sabon Gari, "Malam, gobe da safe in ta huce ka auna ta, ka zo mu yi hira." Isyaku ya auna, ya ga tayar ta faɗi warwas. Zafi ne ke kumbura iska, ba yawa ta yi ba. Wanda ya rage ta a zafi ya bar taya tana lanƙwasa a kowane juyi, tana dafa kanta har ta fashe.

Tun ranar ya canja aikinsa, amma bakinsa bai canja ba. Mutane suna cewa Isyaku ba mai yawan magana ba ne. Ni ina ganin ba haka ba ne kawai. Direbobin da ya koya wa dabarar ashana sun fi a ƙirga, kuma duk girmansa a gindin darbejiyar nan a kan abu ɗaya yake, wato ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ya zaɓi ya riƙa cika musu iska da safe yana shiru, da ya tsaya ya ce shekara ashirin yana koyar da ɓarna, kuma wani ne ya gyara masa. Mala yana cin tuwo a ɗakinsa duk Juma'a. Shekara huɗu, bai faɗa masa ba.

"Ba zan ce kai ne ba," in ji Mala. "Wallahi ba zan ce ba. Kai dai ka ce tayar tsohuwa ce aka shafa mata baƙi. Ana yi ai. Kwana biyu 'yan sanda za su riƙe mai shagon su sake shi."

"Ka taɓa kwana biyu a hannunsu?"

Mala ya sa hularsa ya tafi.

Bayan la'asar muka isa. An shimfiɗa darduma a zaure, Alhaji Hambali na zaune da farar riga da tabarau, mutum ne da ya gaji alƙalanci ko da bai zama alƙali ba. Fijon na ƙofar gida, goshinta a lotse. Mala na durƙushe kusa da bango. A ɗaya gefen Nwabueze ne a kan kujerar ƙarfe, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya haɗa gwiwoyinsa. An kira shi ne bai san me za a ce ba. A waje, a inuwar katanga, wani ɗan sanda na jingine da kekensa.

Aka gaisa, aka yi wa Hajiya ya jiki. Makullin motar na kan darduma a gaban Alhaji.

"To, Malam Isyaku. Ka duba?"

"Na duba, ranka ya daɗe."

"Muna ji."

Isyaku ya kwantar da tayar a tsakiyar zaure. Ya daɗe yana gyara mata zama. Ya dubi Nwabueze, Nwabueze ya dubi ƙasa. Shi Nwabueze kaɗai ne a zauren nan, ban da Mala, da ya san Isyaku ya taɓa riƙe tsinken ashana, kuma da ya so, da kalma ɗaya zai wanke kansa. Bai buɗe baki ba.

"Alhaji, a ba ni izini in auna sauran ukun."

Muka fita duka. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya danna geji a bawul, ya miƙa wa Alhaji ya karanta da kansa. Ashirin. Ta biyu, ashirin da ɗaya. Ta uku, ashirin.

"Ashirin da takwas na sa wa kowacce," in ji shi. "Taya huɗu ba sa yin yoyo rana ɗaya. Rage musu aka yi. Kayan mutumin nan ba su da aibi."

Nwabueze ya saki numfashi har kafaɗarsa ta sauka. Muka koma ciki. Alhaji ya zauna, ya ɗora yatsa a kan makullin, ya jawo shi gabansa.

"Mala. Kai ka rage?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

Mala ya sunkuyar da kai. Gumi na bin gefen kunnensa. Alhaji ya maimaita tambayar, bai ɗaga murya ba.

"Babu kowa. Haka ake yi."

"Haka ake yi," in ji Alhaji. "Matata na kwance da karan ɗori a hannu, haka ake yi." Ya ɗauki makullin zai sa aljihu.

"Ni na sa shi," in ji Isyaku.

Hannun Alhaji ya tsaya.

"Ni na koya masa, shekara goma sha biyu da suka wuce. Abin da ya yi a Birnin Kudu, don ya tsare ranku ya yi, yadda na nuna masa. Daga baya na gane kuskure ne. Wannan bawan Allah ne ya ganar da ni, gejin nan ma nasa ne. Na gyara aikina, ban gaya wa Mala ba."

"Yaushe ka gane?"

"Shekara huɗu."

"Shekara huɗu. Ka manta ne?"

Wannan ce ƙofar da aka buɗe masa, kuma na ga ya gan ta. Ya shafa gemunsa.

"Ban manta ba. Kunya na ji."

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ana jin jirgin ƙasa na kuka daga tasha. Ya daɗe yana kallon Isyaku, irin kallon da ake yi wa takardar da aka sa wa hannu kafin a karanta.

"Duk wanda ya sayi mota a ofishinmu, wurinka nake tura shi," ya ce. "Gobe za su tambaye ni me ka gano. Ba zan yi musu ƙarya ba."

"Ban roƙa ba, ranka ya daɗe."

"Kuma motata ba za ta sake zuwa wurinka ba."

"Na ji."

Alhaji ya juya ga Nwabueze ya ba shi haƙuri, ya ce a sallami ɗan sandan. Sannan ya wurga makullin a kan tabarma, ya faɗi kusa da gwiwar Mala. "Ɗauki. Gobe ka kai ta gareji. In na sake ganin ashana a aljihunka, ko ta kunna fitila ce, ka tafi ke nan."

Mala ya ɗauka da hannu biyu, godiyar ma ta ƙi fita daidai.

Isyaku ya miƙa wa Nwabueze gejinsa. Nwabueze ya girgiza kai, ya mayar masa da hannun. Isyaku ya ɗaga tayar ya rungume ta a gefe, ya ja ƙafarsa zuwa bakin zaure. Yana laluben takalmansa da yatsun ƙafa sai ya tsaya, ya waiwayo.

"Mala," ya ce, "kai kuma mutum nawa ka koya wa?"