Jajen Goɗiya

A Paikon Kore, tun wurin da ake kira Abuja yau yana dajin da biri ke yi wa mutum gwalo, ina da goɗiya guda, ina jin kaina kamar mai dubu. Cikinta na wata takwas, wata safiya na tarar ta yar da ɗan a cikin rigarsa ta haihuwa. Ba naƙuda, ba ciwo, tana cin harawa kamar ba ita ba.

Kafin azahar 'yan jaje sun cika gida. Surukina ya zo daga rugarsu a kan tasa goɗiyar mai ciki, wadda yake ji da ita fiye da 'yar da ya ba ni. Ni kuwa sarkin karamci, na ɗaure ta a turken tawa, na shayar da ita a bokitin da na wanke wurin ɓarin da shi.

Bayan kwana uku malamin dabbobi ya zo a keke. Ya tambaya ko tawa ta yi mura. Na ce ta yi majina a kwanakin baya.

Ya ce, "To, ita ce. Ƙwayar cutar ta hanci take shiga, ta bi jini har mahaifa, ta lalata jijiyoyin da ke ciyar da ɗan. Ruwan ɓarin nan cike yake da ita. Wata mai ciki ba ta raɓi wurin ba dai?"

Na ce, "Ina!" Na tura bokitin bayan rumbu da ƙafa.

Tun daga ranar kullum ina rugar surukina, idona a wutsiyar goɗiyarsa. In ta yi atishawa, sai in zabura. Na rame har wandona ya daina gane ni.

Surukina ya ce, "Kai yaro, ni kake zuwa gaisarwa ko ita?"

Na ci gaba da leƙen wutsiyarta.

A mako na biyar aka aiko goɗiyar surukina ta yi ɓari. Na tafi a ƙasa, na iske mutum uku sun nufo jaje a kan goɗiyoyinsu. Na tare hanya ina ihu su koma, na faɗi zancen bokitin kowa na ji.

Ashe surukina na tsaye a bakin ruga, ya ji komai.

Na durƙusa. "Baba, ni ne."

Ya ce, "Tashi. Ɗauko fartanya mu binne ɗan da zurfi, kada karnuka su kai wa wani cutar."