Maganin Ƙodar da Ya Ɗaure Mini Baki

Bebeji zuwa Kwanar Dangora

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Talata na fito daga gida. Wata biyu ke nan Baba yana fama da ciwon ƙoda. Ƙafafu sun kumbura, fitsari sai ɗan ɗigo, dariya kuwa ta ƙaurace wa gidanmu. Yana shan maganin asibiti, amma Inna ta ji labarin wata Bafulatana a bayan Doguwa, Goggo Dije, mai haɗin da ke kare ƙoda daga kumburi. Cikin 'ya'yanta shida ni Inna ta zaɓa ta aika, ni da duk Bebeji ta san ko a wurin ta'aziyya sai an zungure ni nake yin shiru.

Shida da kwata ɗan acaɓa ya sauke ni a Kwanar Dangora. Na kora koko da ƙosai biyar, na shiga wata tsohuwar mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Kafin Tudun Wada na ba direba labarin aurena, kafin mu fita dajin Falgore na ba shi na kaciyata. Ya ce, "Malam, ba ka haɗiyar yawu ne?"

Doguwa

Sha ɗaya saura muka iso. Daga tasha zuwa rugar Goggo Dije tafiyar minti ashirin ce a babur. Ta ba ni nono a ƙwarya, ta saurari bayanin ciwon, sannan ta ƙulla mini gemun masara, ganyen zogale, sassaƙen marke da wata saiwa da ta ƙi faɗin sunanta.

"Kada ya bar na asibiti," in ji ta, "kuma a nuna wa likitansa wannan kafin a jiƙa. Saura sharaɗi. Kada ƙullin ya taɓa ƙasa, kuma daga nan har ka danƙa shi hannun mahaifinka, kada ka ce wa kowa uffan."

"Goggo, ko gaisuwa?"

"Ko gaisuwa."

"Atishawa fa?"

"Ka yi ta a ciki."

Wallahi saura kaɗan in fasa. Amma da na tuna ƙafafun Baba, sai na ɗora ƙullin a ka, na danne shi da hula.

Dajin Falgore

Ƙarfe ɗaya motar dawowa ta cika. Da yaron mota ya tambayi inda zan sauka na nuna arewa da yatsa, nan take fasinjoji suka yanke hukuncin kurma ne ni. Wata mata ta ce, "Allah sarki, ga shi da ƙaton baki amma ba amfani." Wani mai buhun barkono ya fara bayanin cewa mutanen Bebeji ba su iya noman rake ba. Ina da amsa bakwai, duk na haɗiye su, har ido ya kawo ruwa.

A shingen sojoji aka tambaye ni abin da ke cikin hulata. Matar nan ta yi caraf ta ce, "Kurma ne, yallaɓai, ga shi ma yana kuka." Sojan ya dafa kafaɗata, ya ba ni gyaɗa.

Kwanar Dangora kuma

Uku da rabi na sauka, ina kallon gida ya kusa. Sai ga surukina, Alhaji Sale na Ƙafin Maiyaki, a tsaye gaban mai lemo, ido cikin ido.

"A'a, Habu! Daga ina haka?"

Na zube na durƙusa, hannu biyu a kan hula.

"Ya jikin Malam?"

Na gyaɗa kai.

"Habu, da kai nake!"

Na ƙara gyaɗawa, har da murmushi, don a ganina murmushi rabin gaisuwa ne. Ashe shi ya ɓata komai. Alhaji ya jefar da lemonsa, ya haye babur ya nufi Bebeji, ya bar ni a durƙushe jama'a na kallo.

Gida

Huɗu da minti ashirin na shiga zaure ba sallama. Na tarar da Alhaji a gaban Baba yana rantsuwa: "Malam, ko dai an yi masa asiri, ko ya fara shaye-shaye. 'Yata ba za ta zauna da mai yi mini murmushi ba!"

Na ratsa tsakaninsu, na cire hula, na danƙa ƙullin a hannun Baba. Sai bakina ya ɓalle. Na yi sallama, na gaida Alhaji sau uku, na gaida sojan da ba ya nan, na amsa wa mai barkono maganar rake, na yi atishawa.

Baba ya dube ni, ya dubi Alhaji, sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi yana riƙe da ciki, har Inna ta fito a guje ba mayafi. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Habu, buta! Maza!"

Ya daɗe a banɗaki. Mu uku muka tsaya a tsakar gida muna saurare ba kunya, Inna tana share hawaye. Alhaji ya ce, "Ikon Allah, tun ba a jiƙa ba?"

Ƙullin dai sai Alhamis za mu kai wa likita ya duba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Goggo Dije, da Alhaji da ya janye maganar 'yarsa kafin magariba.